Sukuk na 2017: An Biya Kowa Hakkinsa, Amma Me Ya Rage wa Mai Miliyan Ɗaya?

A watan Satumban 2017 Ofishin Kula da Basussuka na Ƙasa, wato DMO, ya fitar da Sukuk na farko na Gwamnatin Tarayyar Najeriya, wato takardar zuba jari da ke biyan haya maimakon kuɗin ruwa. Naira biliyan 100 ake nema, wa'adin shekara 7, kuɗin haya kashi 16.47 cikin 100 a shekara, ana biya sau biyu, a Maris da Satumba. Ko da ₦10,000 mutum zai iya shiga, daga nan sai ƙari dubu-dubu. Kuɗin da jama'a da kamfanoni suka kawo sun ɗan haura biliyan 105. A Satumban 2024 wa'adi ya cika, gwamnati ta mayar wa kowa uwar kuɗinsa cif, bayan ta biya haya sau 14.

Tunda abin ya fara ya ƙare a idon kowa, ana iya zama a yi masa lissafi daga tushe, ba da hasashe ba. Za mu ɗauki mai ajiyar da ya saka ₦1,000,000 ya riƙe har ƙarshe. Wanda ya saka ₦100,000 sai ya riƙa cire sifili ɗaya daga kowane adadi.

Abin da aka saya

Sukuk ɗin na ijara ne, wato haya. An kafa kamfani na musamman mai suna FGN Roads Sukuk Company 1 Plc, shi ya karɓi kuɗin jama'a aka yi aikin hanyoyi da su, sannan ya ba gwamnati hayar hanyoyin a madadin masu kuɗin. Gwamnati kuma ta ɗauki alkawarin sayen kadarar idan wa'adi ya cika, a kan farashin farko. Majalisar masana da ke ba Babban Bankin Najeriya shawara kan harkar kuɗi marar ruwa ta duba tsarin ta amince da shi. An raba kuɗin daidai tsakanin shiyyoyi 6, kowace shiyya biliyan 16.67, aka zuba a ayyukan hanya 25, ciki har da sassan hanyar Kano zuwa Maiduguri, da hanyar da ta kewaye Kaduna ta gabas, da wadda ta kewaye Kano ta yamma, da ta Abuja zuwa Lokoja. Kafin wannan, Jihar Osun ce kaɗai ta taɓa fitar da irinsa, a 2013, don gina makarantu.

Ga wanda ke gudun kuɗin ruwa, wannan babbar ƙofa ce aka buɗe. A lokacin bankin Jaiz ne kaɗai cikakken bankin kasuwanci marar ruwa a ƙasar, kuma ko shekara ba a yi ba da MMM, tsarin nan na ninka kuɗi na bogi, ta daskarar da asusun mutane a Disamban 2016. Abu mai lamunin gwamnati, mai sa hannun malamai, wanda ba a cire wa hayarsa haraji, dole ya ja hankali.

Sai dai akwai abubuwa biyu da aka kafe tun ranar farko, kuma a kansu duk labarin ya rataya: adadin hayar, da farashin da gwamnati za ta sayi kadarar. Mai gidan haya na gaske yana ƙara haya idan kaya sun yi tsada, kuma ranar da zai sayar, farashin ranar zai sayar. Mai Sukuk ba shi da ko ɗaya daga ciki. Ko siminti da kwalta sun ninka sau nawa, ₦1,000 ɗinsa ₦1,000 ce a 2024.

Lissafin takarda da lissafin kasuwa

A takarda babu abin ƙorafi. Miliyan ɗaya tana kawo ₦164,700 a shekara, wato ₦82,350 duk wata shida. Cikin shekara 7 haya ta tashi ₦1,152,900. Haɗa da uwar kuɗi, abin da ya shiga asusun mutum ₦2,152,900 ne. Kuɗi sun ninka har da ɗoriya.

To amma naira ba don a ƙirga ta ake ajiye ta ba, don a sayi abu ne. Alƙaluman Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa, NBS, na hauhawar farashi daga Satumba zuwa Satumba sun tafi kamar haka: kashi 11.28 a 2018, 11.24 a 2019, 13.71 a 2020, 16.63 a 2021, 20.77 a 2022, 26.72 a 2023, sai 32.70 a 2024. Waɗannan ba tarawa ake yi ba, hawa kan juna suke, domin tsadar bana a kan farashin bara take ɗoruwa. Idan aka ninka su bi da bi, abin da ake saya ₦100 a Satumban 2017 ya koma kusan ₦333 a Satumban 2024. Ma'ana, miliyan ɗayan da aka mayar wa mutum ba ta wuce aukin ₦300,000 na ranar da ya saka ta ba. Kafin ya ce ya riƙe darajar dukiyarsa kawai, ba tare da ya ci gaba ba, sai ya wayi gari da kimanin naira miliyan 3.33.

A gidan mai abin ya fi fitowa fili. A 2017 lita ₦145 ce, miliyan ɗaya na sayen lita 6,896. A farkon Satumban 2024 gidajen man NNPC a Abuja suka koma ₦897, miliyan ɗayan nan ba ta kai lita 1,120 ba. Ko a auna da albashi: hayar idan aka raba ta wata-wata ₦13,725 ce. A 2017, da mafi ƙarancin albashi yake ₦18,000, ta kai kashi uku cikin huɗu na albashin ƙaramin ma'aikaci. A 2024 da aka mayar da shi ₦70,000, ba ta cika kashi ɗaya cikin biyar ba.

Hanyar gane ko mutum yana ci gaba ko baya a kowace shekara mai sauƙi ce: a rubuta hayar kashi 16.47 a matsayin 1.1647, a rubuta hauhawar shekarar ita ma haka, sai a raba ta farko da ta biyu. A shekarar farko, 1.1647 a raba da 1.1128 ya ba da ribar gaske ta kusan kashi 4.7. Ta biyu ma haka. Ta uku ta sauka zuwa 2.4. Ta huɗu aka tashi canjaras. Daga nan sai asara: kusan kashi 3.6 a ta biyar, 8.1 a ta shida, 12.2 a ta bakwai. Shekara biyun ƙarshe kaɗai sun cinye duk abin da ukun farko suka tara, har suka shiga jiki.

Ba daga sama wannan ya faɗo ba. An rufe iyakokin ƙasa daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020, abinci ya tashi. Korona ta zo. 'Yan bindiga suka hana noma a wurare da dama na Zamfara, Katsina, Kaduna da Neja. Gwamnati ta yi ta karɓar bashi kai tsaye daga Babban Banki har ya kai tiriliyan 22.7, wanda ƙarin naira ne a kasuwa ba tare da ƙarin kaya ba. Sannan a ranar 29 ga Mayun 2023 Shugaba Bola Tinubu ya sanar da cire tallafin mai, a tsakiyar Yuni kuma aka saki farashin dala. Babu mai ajiyar da zai iya hango jerin nan a 2017. Abin da zai iya hangowa shi ne, shekara 7 a Najeriya tana da tsawon da wani abu irin wannan zai faru a cikinta.

Mutum uku, miliyan ɗaya-ɗaya

Na farko bai shiga komai ba, ya bar kuɗin a asusun da ba ya kawo komai, ko a gida. Shi lissafinsa gajere ne: kashi 70 cikin 100 na aukin kuɗinsa ya tafi, bai ci komai ba.

Na biyu ya sayi Sukuk, duk wata shida idan ₦82,350 ta faɗo sai ta shiga cefane da kuɗin makaranta. Yawancin ƙananan masu ajiya haka suke yi, kuma ba don wauta ba, don hakan suka shiga. Idan aka mayar da kowace haya zuwa darajar 2017 a ranar da aka biya ta, ta farko ta kai aukin kusan ₦79,000, ta ƙarshe kuwa ba ta kai ₦25,000 ba. Duka 14 ɗin sun tashi wajen ₦725,000. Haɗa da ₦300,000 na uwar kuɗi, ya samu kusan ₦1,025,000 a darajar 2017. Wato bayan shekara 7, abin da ya saka ne ya dawo masa, da ɗan abin da bai taka kara ya karya ba. Abin da yake karɓa yana kira riba, mafi yawansa jarinsa ne ake mayar masa gutsure-gutsure yana cinyewa. Kamar mai gidan ƙasa ne da yake cinye haya duka ba ya yaɓe, kowace damina katanga na zaizayewa, shi kuwa yana ganin gida na nan tsaye tunda 'yan haya ba su daina biya ba.

Da ya so raba hayar bisa gaskiya a shekarar farko, cikin ₦164,700 sai ya ware ₦112,800 ya mayar cikin jari don ya cike ramin da hauhawar kashi 11.28 ta haƙa. Abin da ya halatta ya ci ba tare da ya taɓa jari ba ₦51,900 ne a shekara, ₦4,325 a wata. Daga shekara ta huɗu babu ko sisi na ci.

Na uku shi ne mai haƙuri: bai ci ko kwabo ba, duk hayar da ta shigo yana mayar da ita. Da a ce kowane lokaci zai samu inda zai saka ta a kan 16.47 ɗin nan, da ya ƙare da kusan miliyan 3.03, har yanzu ƙasa da 3.33 da ake buƙata. Amma ko wannan ba ta samu ba, kuma dalilin ya cancanci a tsaya a kansa, domin nan ne mai gudun kuɗin ruwa ya fi shan wahala.

Gwamnati ba kullum take fitar da Sukuk ba. Na biyu ya fito a Disamban 2018 a kan kashi 15.743. A 2019 ba a fitar ba. Na uku sai Yunin 2020, a kan 11.20 kacal. Na huɗu Disamban 2021, wajen kashi 13, wa'adin shekara 10. Na biyar ƙarshen 2022 a kan 15.64, na shida Oktoban 2023 a kan 15.75. Saboda haka hayar Maris 2019, da ta Satumban 2019, da ta Maris 2020, jimla ₦247,050, sun zauna suna jira, ta farkonsu wata 15 ba ta haifi komai ba, kuma da ƙofa ta buɗe sai ta buɗe a kan haya mafi ƙanƙanta. Idan aka bi wannan jadawali aka zuba duk abin da ya taru a kowane sabon Sukuk, har da hayar da sababbin ke kawowa, mutum zai kai Satumban 2024 da kimanin naira miliyan 2.6. Ya riƙe wajen kashi 78 cikin 100 na darajar dukiyarsa, ba tare da ya ci komai ba cikin shekara 7. Wannan ma idan an ƙirga sababbin takardun a kan farashin da aka saye su. Da zai sayar da su a kasuwa a ranar, ba za su kai haka ba, saboda a lokacin sababbin takardun gwamnati na biyan fiye da su nesa ba kusa ba.

Ga mai fitar da zakka akwai ƙarin layi a lissafin. Malamai sun yi saɓani kan Sukuk na ijara, ko a kan hayar kaɗai ake fitarwa ko har da uwar kuɗi. Wanda ya bi fatawar fitarwa a kan duka, idan dukiyarsa ta kai nisabi, sai ya cire kashi 2.5 daga abin da ya ɗauka ribarsa ce kowace shekara. Wannan tambaya ce da ake kai wa malami tun kafin a saya.

Ƙofar da ta buɗe a 2020

Mutane da yawa sun ɗauka idan aka sayi Sukuk shi ke nan sai wa'adi. Ba haka ba ne. An saka shi a kasuwar hannun jari ta Legas da kasuwar cinikin takardun bashi ta FMDQ, ana iya sayarwa ta hannun dillali, kuma farashinsa yana motsi, kishiyar abin da sababbin takardu ke biya. Idan sababbi na biyan ƙasa da 16.47, tsohuwar takarda ta yi tsada. Idan suna biyan sama da haka, ta yi araha.

A Oktoban 2019 Babban Banki ya hana ɗaiɗaikun mutane da kamfanonin cikin gida waɗanda ba bankuna ba sayen takardunsa na OMO, waɗanda yake sayarwa don rage yawan naira a kasuwa. Maƙudan kuɗin da suka fito daga can, musamman na kamfanonin fansho, suka rasa wurin zuwa, suka yi ca a kan takardun gwamnati. Zuwa ƙarshen 2020 takardun baitulmali na gajeren zango sun faɗi ƙasa da kashi 1, takardar lamuni ta shekara 15 ma ta sauko wajen kashi 5. A irin wannan kasuwa, takarda mai biyan 16.47 da sauran shekara 4 zinare ce. Lissafi ya nuna idan mai saye ya yarda da kashi 6, zai biya kusan ₦1,367 a kan kowace ₦1,000. Miliyan ɗayan nan ta kai miliyan 1.37 a kan allo, bayan mutum ya riga ya karɓi hayar shekara 3.

Kar a ɗauka cewa rashin sayarwa kuskure ne kai tsaye. Wanda ya sayar a lokacin, ina zai kai kuɗin? Duk abin da ke biyan tsayayyen adadi ya faɗi tare. Sai dai ya koma hannun jari ko gwal ko dala, wanda a yau muka san ya biya, a ranar kuwa ba wanda ya sani. Ga kuma matsalar ciniki: masu riƙe da Sukuk, bankuna marasa ruwa da kamfanonin fansho, ba sa son saki, masu saye ƙanana kuma ba su da yawa, don haka farashin allo da farashin da dillali zai samo wa mai ɗan ƙaramin adadi ba lallai su zo ɗaya ba. Abin lura shi ne, wanda bai buɗe asusun CSCS ba, wato asusun da ake rubuta takardun jarin mutum a ciki, ko bai san dillalinsa ba, ko da ya so sayarwa ba shi da hanya a kusa. Zaɓin yana nan, amma bai shirya masa ba.

Da kuɗin sun tafi wani wuri

Dala: a Satumban 2017 wajen ₦360 take a hannun 'yan canji, miliyan ɗaya na sayen kimanin dala 2,780. A Satumban 2024 ta haura ₦1,600, wato kusan miliyan 4.4. Ta wuce hauhawar farashi. Amma daga 2017 har farkon 2020 dala tana nan wajen 360 ba ta motsa ba, mai riƙe da ita yana kallon mai Sukuk na karɓar haya shi ba ya samun komai, kaya kuma na tsada. Mafi yawan ribar bayan Yunin 2023 ta zo. Wanda kuma ya ruga Wapa, kasuwar 'yan canji ta Kano, a Fabrairun 2024 ya saya kusa da ₦1,900 ya ga ta dawo ƙasa da ₦1,200 a Afrilu.

Hannun jari: ma'aunin kasuwar Legas yana wajen maki 35,400 a ƙarshen Satumban 2017, ya kai wajen 98,500 a ƙarshen Satumban 2024. Ninki 2.8 ke nan, ban da ribar da kamfanoni ke rabawa duk shekara, wadda idan aka mayar da ita ciki za ta ƙara sosai. Hanyar dai ba shimfiɗaɗɗiya ba ce. Ma'aunin ya kai wajen 45,000 a Janairun 2018, ya gangaro har ƙasa da 21,000 a Afrilun 2020. Wanda ya saka miliyan ɗaya a 2017 ya ga ta koma wajen ₦600,000 a tsakiyar korona, kuma a nan ne mutane da yawa ke sayarwa su gudu, shekarar da kasuwar ta ƙare da ƙarin kashi 50. Mai kiyaye shari'a kuma ba duk kamfani zai saya ba, bankunan ruwa da kamfanonin giya sun fita, don haka sakamakonsa ba zai zama daidai da na babban ma'auni ba. Akwai ma'aunin Musulunci na Lotus a kasuwar, da asusun da ke bin sa.

Gwal shi ya yi zarra. Oza ɗaya, giram 31.1, tana wajen dala 1,300 a Satumban 2017, ta kai wajen 2,600 a Satumban 2024. Ninki biyu a dala, ga faɗuwar naira a kai, ya zama kusan ninki 9 a naira. Matan da ke tara sarƙa da awarwaro maimakon kuɗi sun fi masu takarda cin wannan zango, ko da an cire kuɗin aiki da ake biya wajen saye ba a dawo da shi wajen sayarwa, da ragin da 'yan gwal ke yi. Sai dai gwal ba ya haihuwa, ɓarawo na son sa, kuma tsakanin 2011 da 2015 ya faɗi daga wajen dala 1,900 zuwa wajen 1,050.

A gwada rabawa: ₦500,000 a Sukuk ana mayar da haya, ta zama miliyan 1.3. ₦300,000 a hannun jari, ko ba a ƙirga rabon riba ba, ta zama wajen ₦830,000. ₦200,000 a gwal, a ce ninki 8 bayan ragi, miliyan 1.6. Jimla wajen miliyan 3.7, sama da 3.33. Gaskiya ne cewa an zaɓi wannan rabon ne bayan an ga sakamako, kuma gwal ne ya ɗauki nauyin kusan komai. Wani zangon wani abu ne zai ɗauka. Amfanin gwajin shi ne ya nuna rabin dukiya kawai aka fitar daga tsayayyar naira, aka tsira daga asarar da mai haƙurin can ya yi duk da haƙurinsa.

Wannan ba ya nufin Sukuk ba shi da gurbi. Kuɗin da aka san ranar bukatarsu kuma a naira za a biya, kamar hayar shago ta baɗi waccan ko kuɗin makarantar da ke tafe cikin shekara biyu ko uku, sun fi dacewa da abin da ba ya faɗuwa rabi dare ɗaya. Dattijon da ya yi ritaya, wanda ya san yana cin jarinsa ne da gangan a hankali, shi ma ya fi wanda ya bar kuɗi a kwance nesa ba kusa ba. Inda ake kuskure shi ne a ɗauki duk abin da aka tara don tsufa ko don 'ya'ya, a kulle shi shekara 7 ko 10 a kan adadi ɗaya, a kuma riƙa cin hayar.

Inda takardu ke ba da matsala

Ana saye ne lokacin da DMO ta buɗe tayi, yawanci kwanaki kaɗan, ta hannun bankuna da kamfanonin da ta lissafa a sanarwarta. Ana cike fom, a saka BVN, da lambar asusun banki inda haya za ta riƙa shiga, da lambar CSCS wadda dillalin hannun jari ke buɗe wa mutum. Kuɗi asusun karɓa da aka ambata a takardar tayin ake turawa, ba asusun wani mutum ba, komai kusancinsa da banki. Kafin a ba dillali ko sisi, a duba sunansa a jerin masu rajista na SEC, hukumar da ke kula da kasuwar hannun jari.

Abubuwan da ke hana haya isowa ƙanana ne. Suna a fom ya saɓa da na BVN, Muhammad a nan Mohammed a can, ko an juya sunan uba da na mutum. Asusun da aka bayar ya kwanta saboda an daɗe ba a taɓa shi ba, ko ƙaramin asusu ne mai iyaka wanda ba ya ɗaukar adadin da aka turo. Wannan na ƙarshen ya fi cizo ranar da uwar kuɗi za ta dawo gaba ɗaya. An canza lambar waya ba a sanar ba. Gyaran kowanne yana bi ta wajen dillali ko rajistara mai riƙe da sunayen masu jarin, kuma yana cin makonni.

Mafi muni shi ne mutuwa ba tare da iyali sun san da jarin ba. Sukuk ba shi da katanga ko shaidu kamar fili, lamba ce a kwamfuta. Idan magada ba su san sunan dillali da lambar CSCS ba, ba zai ma shiga lissafin gado ba. Ko sun sani, sai sun kawo takardar shaidar mutuwa da takardar kotu ta izinin kula da dukiyar mamaci kafin a sakar musu. Takarda ɗaya mai ɗauke da sunan jarin, adadinsa, ranar cikar wa'adi, sunan dillali da lambar asusu, a ajiye ta tare da takardun gida, tana rage wannan wahala ƙwarai.

Bayan an mayar da kuɗin

Wanda aka mayar wa miliyan ɗinsa a Satumban 2024 bai tarar da sabon Sukuk na tarayya yana jiransa ba, a shekarar ba a fitar ba. Sai Mayun 2025 na bakwai ya fito: biliyan 300, shekara 7, haya kashi 19.75, kuma kuɗin da aka kawo sun haura tiriliyan 2. Wata takwas ke nan na jira a lokacin da hauhawar farashi ta kai 34.80 a Disamban 2024. Wanda bai tanadi wurin ajiyar wucin gadi ba, kamar asusun mudaraba, wato na raba riba, na bankin da ba ya ruwa ko asusun haɗaka na halal mai rajista da SEC, ya yi asarar wani yanki tun kafin ya sake shiga. Maganin wannan tun farko ake yin sa: a rarraba saye a kan fitowa daban-daban, yadda wa'adi ba zai cika wa dukiyar mutum gaba ɗaya rana ɗaya ba.

Shi kuwa 19.75 ɗin, a ranar da aka fitar da shi yana ƙasa da hauhawar farashi, wadda take wajen kashi 23 a sabon ma'aunin da NBS ta fara aiki da shi a farkon 2025. Zuwa Satumban 2025 ta sauko 18.02, hayar ta koma sama da ita. Idan saukar ta ɗore, wanda ya kulle 19.75 zai ci riba ta gaske shekaru a jere. Mai saye a 2017 ma a kan gangarar hauhawa ya shiga, daga 18.72 a Janairun shekarar zuwa wajen 11 a tsakiyar 2018, don haka saukar shekara ɗaya ba ta isa hujjar shekara 7 ba. Abin da ke hannun mai ajiya shi ne ya riƙa yin rabon nan duk lokacin da haya ta shigo. Miliyan ɗaya a kan 19.75 tana kawo ₦197,500 a shekara. Idan hauhawar shekarar kashi 18 ce, ₦180,000 ta koma jari, ₦17,500 ce ta ci. Idan ta sauka zuwa 12, ta ci ta zama ₦77,500. Idan ta haura 19.75, babu ta ci a wannan shekarar.